Ni da Surukata a Hanyar Giwa Tazo

Tun ranar da na sayi akwalar motata ban sake sanin hutun Asabar ba. Ni malamin makaranta ne a Jega, abin da nake samu bai taka kara ya karya ba, amma a wurin dangi duk mai mota Alhaji ne, ko da kuwa sai an tura take tashi. Ana cewa zumunci a ƙafa yake. To, na danginmu da na dangin matata duk a tayoyina yake. Suna a Kimba, ni ne. Ta'aziyya a Maiyama, ni ne. Wata gwaggo ta yi mafarkin ƙawarta ta ƙuruciya tana son ganinta, a kira Malam. Ba mai tambayata ko na gaji, sai dai a tambaye ni ko akwai mai a motar.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ba na gane hanya. Muddin kwalta ce lafiya lau, daga Jega zuwa Aliero ko Maiyama ai ko makaho ya kai kansa. Amma da zarar an sauka burji an shiga hanyoyin gona, to kaina ya juye. Na taɓa zagaya gonar albasa ɗaya sau uku a bayan Aliero, har mai gonar ya gaji da amsa sallamata, ya koma ɗaga mini hannu kawai. Abin da ke rufa mini asiri shi ne ba na tafiya ni kaɗai. Kullum motar cike take da mata, kuma a cikin mata shida ba a rasa uku da suka san hanya, ko da ba hanya ɗaya suka sani ba. Su yi ta musu a bayana, ni in yi ta murza sitiyari, a ƙarshe dai a isa. In an isa a ce Malam akwai sanin hanya, ni ko in gyara zaman hula in yi shiru.

Wadda ta fi su duka sanin hanya ita ce surukata, uwar matata, da muke kira Inna. A Aliero take zaune, amma an haife ta a wani ɗan ƙauye da ke bayan Giwa Tazo, kuma ta yi ƙuruciyarta tana bin kasuwannin ƙauye da ƙafa tana sayar da daddawa. Babu kuka ko tsamiya a wannan yankin da ba ta sha inuwarta ba. Sai dai ni ba ta magana da ni. Ba faɗa muka yi ba. Matata ce ɗiyarta ta fari, ko sunanta ba ta kamawa, balle ni da na aure ta. Shekara goma sha shida ina zuwa gidan, in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule, shi ke nan zance ya ƙare. Ba ta taɓa shan ko ruwa a gabana ba. In tafiya ta haɗa mu, matata ce ke zama kusa da ita. Inna ta yi ƙasa da murya ta faɗi wani abu, matata ta ɗaga tata ta ce Inna ta ce a bi dama, ni kuma in ce a gaya wa Inna na ji. Mota ɗaya, tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba, amma sai da tafinta. Ban taɓa ganin aibin haka ba, don haka na tashi na ga ana yi.

Wata Asabar ce cikin damina, matata na da kwana tara da haihuwa, gajiyar suna ba ta sake ni ba. Na ƙudura a raina ranar ko Sarki ya aiko ba na fita. Ina dawowa daga masallaci da asuba na tarar matata ta riƙe waya tana share hawaye. Wan Inna, wanda matata ke kira Kawu, ya daɗe a kwance a ƙauye, yanzu jiki ya tsananta, kuma ya ce a kira masa ƙanwarsa. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu, shi ya aurar da ita. Babban ɗansa ne ya hau tudu ya samu sabis ya kira, ya ce in da hali a kawo ta yau, kada a bari sai gobe.

Ƙannen matata maza biyu sun bi lodin albasa kudu. Ita kuma jego ya ɗaure ta. Saura ni. Ina neman makulli ta dube ni daga kan gado, ta ce anya zan gane hanyar, ko a roƙi wata maƙwabciya ta bi mu don Inna ta samu wadda za ta yi wa magana? Da na ce to, da ya fi mini. Amma raina ya ɓaci. Mutum ya fasa barcinsa, sannan a tsaya ana tambayarsa ko ya san hanyar da ya bi ya fi sau biyar. Na ce mata na san hanyar nan kamar yunwar cikina, kuma ba ni da lokacin jiran wata ta gama shafa hoda. Ta ce to, Allah ya kiyaye.

Na tarar da Inna a zaure, ta riga ta yafa mayafi, ƙullin kayanta na gefe. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata jajen mai jiki, ta amsa tana kallon bango. Ta shiga baya ta matse a kusurwar da ke bayan kujerata, inda madubi ba ya kamo ta. Ni ma na karkatar da madubin don kada a yi kuskure. Muka koma ta Jega, muka sha cunkoson tireloli, muka miƙe hanyar Maiyama. Ba abin da ake ji a motar sai ƙarar injin da ƙwas-ƙwas ɗin carbinta. Ban damu ba. Lissafina kafin rana ta yi zafi mun isa, in bar ta da ɗan'uwanta, in nemi inuwa in miƙe ƙafa.

Sai da muka sauka daga kwalta na tuna wani abu. Duk zuwan da na yi ƙauyen nan da rani na yi shi. Da rani fili ne fetal, tun daga nesa kana hango giginyoyin garin, ko ta ina ka bi sai ka nufe su kawai. Yanzu gero da dawa sun fi motar tsawo dama da hagu, kana tafiya kamar a lungun cikin gari. Ba giginya, ba rufin kwano, ba komai sai ganye.

Muka zo wata mararraba mai tsohuwar rijiya a tsakiya. Na rage gudu. Na duba dama, na duba hagu, duk ɗaya. Ta hagu ta ɗan fi faɗi, ga sawun taya a kanta, sai na karya hagu.

Inna ta yi gyaran murya.

Na ci gaba. Ba mu yi nisa ba ta sake yi, ya fi na farko ƙarfi. Daga nan na ji tana salati ƙasa-ƙasa, carbin ya daina ƙara.

Ba zan yi wa kaina ƙarya a takarda ba: na ji, kuma na gane. Shekara goma sha shida ban taɓa jin ko tarinta ba, yau ta yi gyaran murya sau biyu a kan mararraba, ai ba sai an kira mai fassara ba. Amma in tsaya in ce me? Ban taɓa yi mata tambayar da ta wuce ta gaisuwa ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. In kuma na juya ba tare da na ce komai ba, na nuna mata ke nan mijin ɗiyarta, malamin makaranta guda, bai san hanyar gidan ubanta ba. Sai na ce wa zuciyata mura ce, damina ce, tsofaffi ba sa rabuwa da ita. Na ƙara da cewa hanyoyin ƙauye ai duk a gaba suke haɗewa. Na taka mota.

Ba su haɗe ba. Hanyar ta rabu biyu, na zaɓi ɗaya, ta sake rabuwa. Na ciro waya na buɗe taswira, sai ɗigo shuɗi shi kaɗai a tsakiyar fari, sabis ko ɗaya babu. Ni ne mai rubuta wa yara a allo cewa matambayi ba ya ɓata, amma ranar sai da rana ta kusa tsakiya na fara tambaya, ita ma a ɓoye. In hango manomi, in wuce shi da kyau, in tsaya, in fito kamar zan duba taya, sannan in zagaya da ƙafa don kada Inna ta ji.

Wanda bai taɓa tambayar hanya a gona ba bai san haƙuri ba. Sai an gaisa tukuna, ina aiki, ina ruwa, ina iyali, daga ina, gidan wa. Kana faɗin gidan a ce Allah sarki, an ce jikin ya matsa, Allah ya ba shi lafiya. Sannan a tura baki gaba a ce ai nan ne kusa. Wannan ya ce in na kai fadama in yi gabas. Wancan ya ce wace fadama, ai ruwa ya cinye hanyar tun shekaranjiya, in koma baya. Wani tsoho ya zana mini hanya a ƙasa da bakin fartanya, ya share, ya sake zanawa, har shi ma ya tsaya yana kallon zanen. A cikinsu duka babu wanda ya ce bai sani ba. Na ukun ko na huɗun ne ya dube ni ya ce, "Malam, ai nan kana wajen Sarandosa ne." Sarandosa kuwa ba ta kan hanyarmu ko kusa.

Duk lokacin da na dawo mota sai in tarar da ita yadda na bar ta, mayafi ya rufe rabin fuska, hannu a kan ƙullin kaya. Ko uffan. Wallahi a lokacin har haushinta na ji. Na ce a raina baiwar Allah, ɗan'uwanki ne ke kwance, ki buɗe baki ki ce dama ko hagu mana, sama za ta faɗo? Ban tsaya na tambayi kaina me ya hana ni buɗe nawa ba.

Na bi shawarar mai fadama, don ita ce ba ta ce in koma baya ba. A wani kwari da ruwa ya kwanta motar ta nutse har gindi. Na ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna watsa laka. Na kashe. Inna ta buɗe ƙofa da kanta, ta tattare zane, ta taka zuwa gindin wata ɗorawa ta zauna ta ba ni baya. Wasu manoma biyu suka zo, suka zagaya motar, suka yi ta ba juna shawara, daga baya ɗaya ya tafi kwanto shanun huɗarsa. Tafiyar da ya ce ta nan kusa ce ta ɗauke shi fiye da awa guda. A nan azahar ta same mu. Inna ta yi alwala da butarta ta yi salla a gindin ɗorawar, ni na yi tawa a bakin gona da laka har gwiwa. Da na sallame ban iya tashi ba. Na zauna ina kallon motar, na gaji da ita, na gaji da dangi, na gaji da kaina.

Ana cikin ɗaura wa motar igiya sai ga ɗan kabu-kabu ya goyo wata mata mai farar riga, rungume da akwatin magani. Motata ta tare hanya, dole suka tsaya. Ma'aikaciyar lafiya ce, Kirista, daga Binuwai aka turo ta yankin, Hausarta ta bakin aiki ce amma ana ganewa. Ta hango tsohuwa ita kaɗai a inuwa, ta je ta zauna kusa da ita. Ina riƙe da igiya amma kunnena na can. Ta tambayi Inna ina za ta, Inna ta faɗi ƙauyen da gidan. Matar ta ce ai daga can ta fara da safe, ita ta sa wa tsohon ƙarin ruwa, ta bar shi yana magana, yana ta tambaya ko an ji ƙarar mota. Ta ce, "Mama, ku yi sauri fa."

Sai na ji muryar Inna, cikakkiya, karo na farko a rayuwata. Fuskarta na wajen matar, amma ta ɗaga muryar daidai yadda za ta iso inda nake. Ta ce in da mutum zai koma rijiyar da ke mararraba, sai ya bi dama. Zai wuce kuka biyu da ke jere. Inda hanya ta gangara kada ya bi sawun taya, na masu ɗaukar yashi ne, ya riƙe ta sama har ya ga shingen maƙabarta, garin na bayansa. Ta faɗi wannan duka ba tare da ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya ba.

Matar ta dube ta, ta juyo ta dube ni da lakata. Ta ce, "Mama, kin san hanya haka, me ya hana ki gaya masa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ɗan kabu-kabun ya yi 'yar dariya ya ce ai surukinta ne. Matar ta jira a ƙara mata bayani, ba wanda ya ƙara. Ta girgiza kai, ta taso ta zo ta maimaita mini duk abin da na riga na ji. Na ce na gode, ta gaya wa Inna na ji.

Shanu suka fizgo motar. Komawa rijiyar ya ɗauke ni lokaci, don sai da na sake tambaya sau biyu, wannan karon ta taga, a gabanta, kunyar ta riga ta ƙare. Daga rijiyar na bi dama. Ga kuka biyu. Ga gangare da sawun taya. Ga shingen. Tafiyar duka ba ta kai minti ashirin ba. Da tun farko nan na bi, da hantsi muna gidan.

La'asar ta wuce da muka shiga garin, hadari ya haɗu a gabas. Tun daga bakin layi na ga tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune jere. Diga da shebur na jingine da bango da jar ƙasa ɗanya a bakinsu. Wasu mutum biyu na mayar da makara masallaci. Na kashe mota. A bayana na ji Inna ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sau ɗaya, a hankali, sannan ta buɗe ƙofa.

Babban ɗan Kawu ya taso ya tarye ta a bakin zaure, idonsa jajir. Ya ce ana kiran azahar ya cika. Sun jira, sun jira, da suka ga hadari suka kai shi. Ba da faɗa ya yi maganar ba, amma kowa na ji. Ya ce, "Gwaggo, mi ya tsai da ku? Tun da hantsi yake cewa a leƙa ko kin iso."

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Ta riga ni.

"Ni na ɓad da mu," in ji ta. "Ni na nuna hagu. Tsufa ya zo, ɗana, hanyar gidanmu ta ɓace mini."

Ta shige ciki. Jim kaɗan kukan mata ya tashi sabo.

Mazan suka yi ta cewa Allah sarki, tsufa ba ya sallama. Aka matsa aka ba ni wuri a tabarma, aka kawo mini ruwa in wanke ƙafa. Wani dattijo, abokin marigayin, ya dubi lakar da ke jikina ya ce tafiya da tsoho sai haƙuri, Allah ya biya ni. Na ce wa kaina in na yi magana yanzu na ƙaryata ta a gaban maza, na yaye rufin da ta yi da hannunta, wannan ba tarbiyya ba ce. Gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: na ji sanyi a raina da ba ni aka kalla ba. Na sha ruwan da aka ba ni, na karɓi gaisuwa tare da 'yan gida.

Maganar ba ta tsaya a ƙauyen ba. Kafin sadakar bakwai ta zagaye dangi cewa Inna ta fara rikicewa, har hanyar gidan ubanta ta manta. Da 'ya'yanta maza suka dawo daga kudu suka zauna suka yanke cewa ba za ta ƙara shiga motar haya ita kaɗai ba, ko kasuwar Jega sai da rakiya. Matar da ta taka ƙasar nan da ƙafa tun kafin a haife su. An ce da aka gaya mata ba ta yi musu ba, ta ce yadda suka gani.

Ni kuma na dawo gida bayan kwana uku, na ajiye mota, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Matata na shayar da jariri. Ta yi kukan kawunta ta gaji, ta yi na uwarta. Na zauna ina shirya yadda zan fara, daga rijiyar ko daga maƙwabciyar da na ƙi a ɗauka. Kafin in haɗa kalmomin ta ɗago ta dube ni. Ta ce ta ji duk wahalar da na sha, da laka, da shanu, da yunwa, kuma ita ce ta san halin uwarta ta bari na tafi da ita ni kaɗai. Ta ce don Allah in yi haƙuri, in yafe wa Inna, ba da gangan ta yi ba.

Na ce ba komai.